Bindigar farautata ta maƙale a wurin gyara, garanti na shirin ƙarewa

Salamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. Na sayi sabuwar bindigar farauta a jihar Texas, da garantin shekara ɗaya. Tun fitar farko take riƙe kwanson harsashi bayan harbi, sai na zaƙulo shi da yatsa. Na goge ta, na sa mai, na sauya harsasai, duk a banza.

Na aika wa kamfanin ta hannun dillalin, suka ba ni lambar karɓa. Watanni ke nan amsarsu ɗaya ce: suna jiran kayan gyara. Dillalin ya ce ba ruwansa, ga garantin saura ƙiris ya ƙare.

Shin dokar Magnuson-Moss ta 1975, wato dokar tarayyar Amurka kan garantin kayayyaki, ta ba ni damar neman sabuwa ko kuɗina?