Haƙarƙarin fiffikena sun ƙi daidaituwa, ku taimaka

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Ni mai walda ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, tun ina yaro nake gyaran bodin mota wajen marigayi maigidana, hannuna ba baƙon ƙarfe ba ne. Burina in haɗa ƙaramin jirgi, Zenith CH 701. Yayana da ke Amurka ya aiko min da zanen da fallayen alminiyom 6061-T6, kuɗin ma wani bashi ne, iyali har yau ba su sani ba. Na yanka haƙarƙarin fiffike, wato fallayen ciki da ke ba shi siffa, na jera su, wani ya ɗara wani da milimita 2. Da bakin ƙusa nake ja layi, in yanka da giranda. Barci ya gagare ni.

Masta Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye ƙusar nan. Karcen da take bari a alminiyom, nan tsagewa ke farawa in jirgi ya fara girgiza. Giranda kuma zafinta na kashe ƙarfin T6. Ka nemi alƙalamin maka mai siririn baki da almakashin kwano, ka yanka ɗan nesa da layi, ka ƙarasa da magagari, ka goge bakin sumul. Waɗanda ka riga ka karce, zubar da su.

Hajiya mai ɗinki: Ɗana, ka fitar da samfuri ɗaya da katako, duk ka zana da shi. Fensir ma ya isa.

Masta Asawase: Hajiya, samfuri gaskiya ne, fensir a'a. Baƙinsa na jawo wa alminiyom tsatsa.

Baba Tanko: Ni awon ma nake zargi. Wani kanti ya sayar min da tef, na yi ƙofofi duk suka fito karkace, na koma ya ce ba daga wajensa na saya ba. Kayan yanzu babu amana.

Ɗan Aboabo: Masta, karcen ai ba zurfi, sandfefa za ta ɗauke shi. Da giranda nake cin abinci, ban taɓa ɓata aiki ba. Zubarwa kuma, wa zai sake aiko min?

Masta Asawase: Fallen da bai kai milimita ɗaya ba, me zai rage in ka goge? A filin jirgin Kpong, matuƙiyar jirgi Patricia Mawuli ta haɗa irin jirgin nan, kana jin da ƙusa aka ja layi? Kuma ka yi magana da hukumar jiragen sama ta Gana kuwa?

Ɗan Aboabo: Wannan sai na gama fiffike. To milimita 2 ɗin fa, in bar shi haka?