Muhawara: Shin direban da ya ƙware a rairayi zai iya tseren mota a kan dusar ƙanƙara?

Tsohon direba, Maigatari: Assalamu alaikum. Jiya da daddare jikana ya nuna mini tseren motocin da ake yi a ƙasar Siwidin cikin watan Fabrairu, inda motoci ke ratsa ƙananan hanyoyin daji da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, ga itatuwa hagu da dama. Abin da na faɗa masa shi ne nake maimaitawa a nan: duk direban da ya shekara ashirin yana jigilar dabbobi daga ƙauyukan bakin iyaka zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a cikin rairayin da ke riƙe taya, idan aka ba shi irin motar nan zai yi abin da suke yi. Yadda na ga bayan motar yana zamewa a kwana, direban kuma yana mayar da sitiyari ɓangaren da ta zame ba tare da ya ɗaga ƙafa daga totur ba, haka aka koya mana tun muna yaran mota.

Bakanike, Gumel: Wa alaikumus salam, Baba. Ban musa ƙwarewar hannunku ba, amma ina roƙo a dubi taya, domin a nan ne maganar ta rabu. Idan mota za ta shiga rairayi, abin da kowa ya sani shi ne a tsuguna a danna bakin tiyub da tsinken ashana a rage iska, taya ta baje, ta hau kan yashi maimakon ta nutse. A Siwidin kuwa akasin haka ake nema. Tayarsu siririya ce da gangan, don ta tsaga dusar ta isa ga daskararriyar ƙanƙarar da ke ƙasa, kuma kowace taya tana ɗauke da ƙusoshin ƙarfe 384, kowace ƙusa ta fito da kimanin milimita 7. Waɗannan ƙusoshi ne ke cizon ƙanƙara, shi ya sa motar ke gudun da ya haura kilomita 100 a awa a hanyar da mutum ba zai iya tsayuwa da takalmi ba. Direbanmu ya saba da cewa yashi yana rage masa gudu idan ya yi kuskure. Can babu abin da zai rage masa sai itace.

Malamin makaranta, Kazaure: Ni dai ina bayan Baba, kuma hujjata daga tarihin wasan take. A shekarar 1972 Hannu Mikkola, mutumin Finland da ya tashi a ƙasar ƙanƙara, ya lashe tseren Safari na gabashin Afirka, cikin ƙura da taɓo. A 2022 ma ɗan ƙasarsu Kalle Rovanperä ya lashe na Siwidin, ya kuma lashe na Kenya a shekarar guda. Idan hannun da ya koyi santsin ƙanƙara ya iya ƙasar Afirka, me zai hana hannun da ya koyi yashin Babura da lakar fadamar Haɗejia ya iya tasu?

Bakanike, Gumel: Malam, tarihin da ka kawo gaskiya ne, sai dai hanyar ba ta buɗe daidai ta ɓangarori biyu ba. Tun 1973 tseren Siwidin yake cikin gasar duniya, amma sai a 2004 aka samu wanda ba ɗan ƙasashen arewacin Turai ba ya lashe shi, wato Sébastien Loeb na Faransa, mutumin da ya ci kambun duniya sau tara a jere. Shekara talatin gwanayen Faransa da Italiya da Ingila suna zuwa suna komawa hannu rabbana. Akwai abin da sai wanda ya tashi a cikinsa ya san shi. Misali, tudun dusar da ke gefen hanya, direbobin can jingina mota suke yi da shi a kwana don ya dawo da ita kan hanya. Idan tudun ya daskare ya taimake ka, idan kuwa ya yi laushi sai ya haɗiye gaban motar, ka fito da shebur kana haƙa. Da ido suke bambance su cikin ƙiftawa.

Direban tasha, Ringim: Yaya, a ƙara da cewa mutum biyu ne a motar. Na kusa da direba yana riƙe da littafin da suka rubuta lokacin da suka zaga hanyar a hankali kafin ranar tsere, yana karanta masa kowace kwana da tsananinta da tazarar da ke gabanta. Direban yana shiga kwanar da bai gani ba bisa maganar abokinsa kawai. Mu kuwa da hazon hunturu ya sauka, hanya ta ɓace, rage gudu muke yi mu kunna fitila, domin rayukan fasinja amana ne a wuyanmu. Sana'armu ta ginu ne a kan isa lafiya, tasu kuma a kan daƙiƙa.

Tsohon direba, Maigatari: Na ji ku, 'ya'yana, kuma maganar taya ta shige ni, don ban san siririya suke sawa ba. Na janye cewa zai yi a ranar farko. Amma ban janye tushen maganata ba. Wanda ya taɓa jin mota cike da shanu tana neman kwanciya a gangaren rairayi, ya riƙe ta da giya ba da birki ba, ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar koyo, wato jin motsin mota a jikinsa kafin ido ya gani. A ba shi hunturu biyu a can, a ga abin da zai faru.

Bakanike, Gumel: Hunturu biyun ma, Baba, sai an dace da wurin. A 2020 an gajarta tseren saboda ƙarancin dusar ƙanƙara, kuma inda tsakuwa ta bayyana ƙusoshin taya ɓallewa suke yi. Shi ya sa a 2022 aka ɗauke shi daga yankin Värmland aka mayar da shi birnin Umeå, can arewacin Siwidin, inda sanyin ya fi tabbata.