Masu ɗinkin hannu ku taimaka min, labarina ya tsaya

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu kenan ina rubuta labarin wata tsohuwa mai surfani a unguwar Bagalam nan Maradi, babu jini babu bindiga, kawai an sace babbar riga mai aska takwas ana gobe ɗaurin aure, ita kuma ta shiga bincike gida gida tana fakewa da neman aron allura. To inda na maƙale, so nake ta gane ɓarawon daga wani ɗinki da ya yi wa aljihun rigar saboda bahago ne. Don Allah iyayena masu sana'ar, da gaske ana gane ɗinkin bahago? Karkatar zaren ake dubawa ko inda ya fara ƙulli? Wallahi bana son in rubuta abin da maɗinka za su ce ƙarya ne.