Rukunin B ko C: wace mota mai ɗakin kwana za ta ɗauke mu?

Assalamu alaikum. Muna Amurka, mu biyar har da yara uku, muna son hayar mota mai ɗakin kwana zuwa gandun Glacier a Montana. Matsalar ita ce a wani sashe na hanyar Going-to-the-Sun, wadda ta ratsa gandun, ba a yarda da motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi.

Ana raba irin waɗannan motoci zuwa rukunin A, B da C. Rukunin A tamkar bas ce, na cire ta. Rukunin B, irin Mercedes Sprinter, duk wadda na duba gadon mutum biyu ne kawai. Rukunin C tana da gado a saman direba, za ta ishe mu, amma waɗanda kamfanonin haya suka nuna min duk sun zarce ƙafa 21.

Don Allah, a wane rukuni ake samun mai kwanar da mutum biyar ba ta wuce wannan ma'auni ba?