Neman shawara: in biya makarantar intanet don koyon motsa 'yan katun, ko in ci gaba da koyo da kaina?

Mai tambaya, daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na karanci zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello, na gama hidimar ƙasa, yanzu kuma ina aiki a wani shagon buga takardu a Sabon Gari, inda nake tsara katunan ɗaurin aure da fastoci. Abin da raina yake so tun ina ɗalibi shi ne aikin katun, musamman ɓangaren da ake motsa ɗan wasa a kwamfuta har ya yi tafiya, ya yi magana, a ga fushi ko murna a jikinsa. Na samu labarin makarantun da ke koyar da wannan ta intanet, irin su Animation Mentor, wadda wasu da suka yi aiki a manyan kamfanonin fim na Amurka, Pixar da ILM, suka buɗe a 2005, da AnimSchool da iAnimate. Da dala ake biyansu, idan kuma aka juya kuɗin zuwa naira miliyoyi ne. Kawuna ya ce zai taimaka da wani kaso, amma ya tambaye ni wace takarda zan samu a ƙarshe, kuma wa zai ɗauke ni aiki da ita. Kwamfutata ta hannu ce mai matsakaicin ƙarfi, wutar unguwarmu kuwa kun san halinta. Don Allah masu masaniya su ba ni shawara.

Wani malamin zane, daga Samaru:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka taɓa kuɗin kawunka, ka fara sanin abin da makarantar take sayarwa. Ba bidiyon darasi ba ne, domin irinsa ya cika YouTube kyauta. Abin da kake biya shi ne idon ƙwararre: duk mako za ka miƙa ɗan gajeren aiki, wani da ke wannan sana'a a babban kamfani ya buɗe shi, ya bi shi firem bayan firem, wato hoto bayan hoto cikin jerin hotunan da suka haɗu suka zama bidiyon, ya ja layi a kan hotonka ya nuna maka cewa ƙugun nan bai ɗauki nauyin jiki ba, ko ƙafar nan tana zamewa a ƙasa. Wannan gyaran yana da daraja ƙwarai, amma asara ce ka saye shi da dala alhali ba ka wuce matakin da za ka iya gyara kanka ba.

Ka sauke Blender, manhaja ce kyauta, kuma akwai 'yan wasa da aka riga aka haɗa musu gaɓoɓi waɗanda ake bayarwa don koyo. Ka fara da ƙwallo mai tsalle. Ana raina wannan darasin, alhali kusan rabin sana'ar a cikinsa yake. A fim, daƙiƙa ɗaya firem 24 ce. Idan ƙwallon ta kusa ƙololuwar tsallenta, tazarar da ke tsakanin hoto da hoto tana raguwa, idan kuma tana faɗowa sai tazarar ta yi ta buɗewa, ta ɗan miƙe kafin ta taɓa ƙasa, ta lotsa idan ta bugu. Ranar da ka iya sa mai kallo ya bambance ƙwallon roba da ta ƙarfe ta hanyar motsi kawai, ba tare da launi ba, to ka kama hanya. Daga nan sai tafiya, wadda a al'ada ake ba kowane taku firem 12: dunduniya ta sauka, jiki ya nutsa, ƙafa ɗaya ta wuce ɗaya, jiki ya ɗaga.

Kuma ka riƙa kallon mutane. Ka tsaya ka dubi mai garuwa ya saɓa sanda da garwa biyu cike, yadda kafaɗarsa ke karkata, yadda yake gajarta taku don kada ruwa ya zube, sannan ka dube shi yana dawowa da garewanin babu komai. Ka ɗauki kanka a waya kana durƙusawa gaida dattijo, ka lura da ƙafar da ke fara lanƙwasawa. Malamin da ke Kalifoniya ba shi da waɗannan a gabansa, kai kana da su a bakin ƙofa.

Wani mai aikin kwamfuta daga gida, Kwangila:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan ƙara abin da ya shafi aljihu da agogo. Batun kwamfuta bai kai yadda kake tsoro ba, domin ɗalibin motsi ba ya buƙatar fitar da hoto mai haske da inuwa, ɗanyen bidiyo yake turawa. Sai dai ka sayi linzami mai maɓalli uku, domin juya kyamara da yatsa a kan wurin shafawa na kwamfutar hannu wahala ce. Matsalar gaske ita ce lokaci. Yammacin Amurka yana bayanmu da awa 8, a lokacin sanyinsu kuma awa 9, malaman kuma da yawansu sai sun tashi daga aiki suke zama da ɗalibai, wato ƙarfe 7 na yammarsu na iya zama 3 ko 4 na asubarmu. Ka tambayi makarantar ko tana da malamin da ke Turai. Ka kuma tanadi batir da ɗan faranti na sola kafin ka biya ko sisi, domin aikin mako ba ya jiran a kawo wuta. Haka nan ka je bankinka ka tabbatar da hanyar biyan dala, kuma ka lissafa har ƙarshen karatu, ba zangon farko kaɗai ba, tunda canji ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Wata mamba, daga cikin Birni:

Ɗana, ka gaya wa kawunka gaskiya tun yanzu. Takardar da irin waɗannan makarantu suke bayarwa ba digiri ba ce, kada ya ɗauka za ta ƙara maka mataki a aikin gwamnati. Digirinka na jami'a yana hannunka. Masu ɗaukar aikin katun ɗan gajeren bidiyon ayyukanka suke kallo, na minti ɗaya ko biyu. Sannan ka sani a gida za a iya tayar maka da maganar hukuncin zana mai rai. Malamai sun yi saɓani a kan abin da ake yi don ilimantar da yara, saboda haka ka zauna da malamin da ka yarda da shi kafin dangi su riga ka.

Wani da ya taɓa yin zango ɗaya a irin wannan makaranta:

Da girmamawa ga Malam, ban yarda a ja abin ya yi tsawo ba. Mai koyo shi kaɗai yakan saba da kuskurensa har ya daina ganinsa, kuma idan babu ranar miƙa aiki, aikin shago zai cinye shi. Tsarin Animation Mentor aji shida ne, kowanne mako 12, kuma kamar sauran manyan makarantun an gina shi ne a kan manhajar Maya, wadda manyan kamfanoni suka fi amfani da ita. Ba dole ne ka ɗauki alkawarin duka ba. Shawarata, ka yi watanni kana ƙwallo da tafiya kamar yadda aka ce, sannan ka biya aji ɗaya, wanda ya shafi motsin jiki da nauyi, ka ga ko gyaran ya kai kuɗinsa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan roƙi kawu ya fara taimaka mini da sola, maganar makaranta kuma mu ɗaga ta zuwa bayan babbar salla. Malam, idan na gama ƙwallon, zan iya turo ta nan ku duba?

Malamin zane:

Turo ta, amma kada ta wuce daƙiƙa 4, kuma ka sa lambar firem ta riƙa fitowa a gefen bidiyon domin mu iya ce maka ga inda matsalar take. Ka ɗauke ta daga gefe, kyamara a tsaye, ba kiɗa ba ado.