Sigari ce ke ƙara masa damuwar ko damuwar ce ta kai shi ga sigari?

Yayar Gida: Dan Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake. Ƙanena wata uku kenan ba ya barcin kirki, ƙarfe biyun dare zan jiyo shi a tsakar gida yana kunna ashana hannunsa na rawa. Likita ya ce ciwon damuwa ne kuma sigarin nan ƙara masa take yi, shi kuwa ya rantse ita ce kaɗai ke kwantar masa da hankali. Ya zan yi da ɗan shaye-shayen nan?

Tsohon Direba: Haba Hajiya, ɗan shaye-shaye kuma? Sigari fa kika ce. Shekara 22 ina sha ban taɓa faɗawa kwata ba, ki janye kalmar nan.

Malamar Asibiti: Baba ba sai abu ya bugar ba yake kama mutum. Nikotin, sinadarin da ke cikin sigari, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini, sai ƙunci da fargaba su taso, mutum ya kunna wata ya ji sanyi ya ɗauka magani ya sha, alhali ƙishirwar da ita ta haddasa ce ta kashe.

Tsohon Direba: 'Yata ban musa ba, amma shaye-shaye sunan masu ƙwaya ne.

Auta: To mai shan shayi kofi biyar a rana fa, shi ma ɗan shaye-shaye ne?

Kawu: Kai Auta rufa mana baki, kowa ya san aljihunka ba ya rabo da ashana shi ya sa kake karewa.

Auta: Kawu ka taɓa gani na da ita? Wallahi ka kawo shaida ko ka ba ni haƙuri, ba yau ka fara min haka a gaban mutane ba.

Malamar Asibiti: Ku dawo kan yaron mana. Akwai nazarin da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2014, waɗanda suka daina sigari, damuwarsu da fargabarsu sun ragu fiye da na waɗanda suka ci gaba. Satin farko ne mai wuya, kuma kar ya daina shi kaɗai, likitansa ya sani.

Kawu: Ni dai ban ce ƙarya ba, wanda ya tsargu shi ya sani.

Shugaban Zaure: To a taƙaice dai an yarda sigari ba ta cikin kayan maye, kuma Hajiya ta yi kuskuren lafazi, Baba Direba ya fi kowa hujja tunda shi ya sha ya gani. Maganar Malama ita ma a duba. Kawu da Auta ku ƙarasa ta waya.

Yayar Gida: Wa ya yarda? Ni dai na janye kalmar, Baba ka yi haƙuri. Malama na turo miki saƙo, jibi za mu koma wurin likitan, me zan tambaye shi?