Kafaɗar ɗana ta goce karo na uku, wa ya taɓa shiga wannan hali?

Baban Gola, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda abin ya taɓa samu a jikinsu. Ɗana na biyu, shekararsa 19, shi ke tsaron gida a ƙungiyar unguwarmu da ke buga gasar hawari, wato gasar ƙwallon unguwanni. Azumin bara ya yi tsalle zai ture ƙwallo, wani ya bangaje masa hannu baya, kafaɗar dama ta fita. Muka kai shi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, aka yi masa allura aka mayar, aka rataye hannun mako biyu. Bayan wata uku ta sake fita a fili. Ta ukun ce ta hana ni barci: daren Talatar nan yana kwance, hannu a saman kai ƙarƙashin matashi, sai ihunsa muka ji. Babu ƙwallo, babu faɗuwa. Kakarsa ta ce a kai shi wurin mai ɗori. Abokansa na cewa ai Mohamed Salah, ɗan ƙwallon Masar, ma ya ji ciwon kafaɗa ya koma fili cikin mako uku. Likitan ɗawari kuma ya ce mu nemi likitan ƙashi, wataƙila sai an yi aiki. Ni kalmar aikin nan a jikin yaro ƙarami ita ke ba ni tsoro. Wanda ya bi ta hanyar nan ya gaya mini yadda ta kaya.

Mai Turin Keke, Misfala:
Baba, Allah Ya ba shi lafiya. Wallahi kamar labarina kake bayarwa. Tawa ta fara fita ina da shekara 18, a ƙwallon ragar da muke bugawa bayan tarawi har sahur. Nan take wani abokina ya sa ƙafa a hammatata ya ja, ta koma da ƙara, kowa na yaba masa. Daga ranar na ɗauki abin ba a bakin komai ba. Ta fita a ja, ta fita a ja, har na iya mayar da ita da kaina. Ta taɓa fita ina zura jallabiya. Ta taɓa fita na miƙa hannu kujerar bayan mota zan ɗauko gorar ruwa. Bayan ta goma na daina ƙirgawa.

Wadda ta sa na saduda, ina tura wata tsohuwa a keke tsakanin Safa da Marwa, mayafinta ya maƙale a taya, na juya zan cire, kafaɗa ta zame. A nan na durƙusa, tsohuwar tana ta salati tana kiran a zo a taimaki ɗanta. Da wannan hannun nake ci, da shi nake ciyar da mahaifiyata.

Da aka yi mini hoton siti, wato CT mai nuna ƙashi dalla-dalla, likita ya juyo da allon kwamfutar ya nuna mini. Ya ce gaɓar ƙugu rami ne mai zurfi, ita kuwa kafaɗa kamar ka ɗora lemo ne a bakin finjalin gahawa, nama da jijiyoyi ke riƙe da ita. Gefen gaba na finjalin nawa ya cinye, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, domin kowace fita sai ta gutsiri kaɗan. Ya ce ɗinki ba zai riƙe ba. Suka yanko wani ɗan ƙashi mai kamar bakin tsuntsu da ke gaban allon kafaɗa, tare da jijiyar da ke jikinsa, suka dasa a bakin gurbin da sukuru biyu. Aikin ana ce masa Latarjet, sunan likitan Faransa ne da ya fito da shi a 1954. Yau shekara uku ba ta sake fita ba, alhamdu lillahi, sai dai hannun ba ya juyawa baya kamar ɗan uwansa. Maganarsa da har yanzu take ci mini rai ita ce, da na zo tun a fita ta biyu, da ƙaramin aiki za a yi. Baba, kada ku jira ta huɗu.

Ɗan Mai Wurno, Jidda:
Alhaji, a gaya wa Hajiya kaka da ladabi, a bar maganar mai ɗori. Ni a Mai Wurno aka haife ni, na yi kokawa tun ina yaro, kuma ba na raina basir, kamar yadda muke kiransu a Sudan. Akwai karayar da na ga sun ɗora ta kama. Amma ranar da aka kā da ni a kan kafaɗa, ashe gocewar tare ta zo da tsagewar ƙashi a kan damtse. Basir ba shi da idon ganin ciki, ya ja iya ƙarfinsa, mutum biyu na danne da ni. Wata biyu hannun ba ya ɗaguwa, kuma gefen kafaɗar ta waje, wuri kamar faɗin tafin hannu, ko an mintsine ni ba na ji. Sai a Wad Madani aka yi hoto aka ga tsagewar, aka ce akwai jijiyar da ta bi ta nan ita ma ta taɓu. Jin ya dawo a hankali, ƙarfin bai dawo duka ba. Kokawa kuwa daga nan na ajiye ta.

Mai Gashin Ƙashi, Jidda:
Yaya Baban Gola, sannu da jinya. Aikina kenan, gashin ƙashi, wato ilaj ɗabi'i, kuma bayan kowace sallar azumi sai na karɓi samari irin ɗanka.

Sama da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take fita, lokacin da hannu ke sama an juya shi baya, wato tsayuwar gola sak. Bakin gurbin yana da wani zoben guringuntsi kamar leɓe. Fitar farko takan ɓamɓare leɓen nan daga ƙashi ta gaba, kuma sau da yawa ba ya komawa ya manne da kansa. Raunin ana kiransa Bankart, sunan likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1923. A lokaci guda kan ƙashin damtse yakan daki gefen gurbin ya loɓa ta baya, shi kuma Hill-Sachs ake ce masa. Hoton ɗawari ƙashi yake nunawa, ba ya nuna leɓen. Sai ranin, hoton maganaɗisu. In ana zargin ƙashi ya cinye, a ƙara da siti.

Tun kafin hoto akwai gwajin da muke yi. Nakan kwantar da yaro rigingine, in ɗaga damtsen daidai kafaɗa, in lanƙwasa gwiwar hannu, in juya hannun baya sannu a hankali kamar mai jifa a Jamra. Fuskarsa nake kallo. Wanda kafaɗarsa ta saki zai zaro ido ya riƙe ni ya ce tsaya, za ta fita, tun bai ji zafi ba. In na danna gaban kafaɗar da tafin hannuna, sai ka ga tsoron ya tafi. Don Allah kada a gwada wannan a gida.

Abin da ya fi auna sake fitarta shi ne shekaru. Yaron da bai kai 20 ba, mai wasan da ake gogayya ko ɗaga hannu sama, fiye da rabinsu tana sake fita in ba a gyara ba. Wadda kuma ta fita cikin barci ta wuce a ce a ƙara motsa jiki a gani.

Shi kuwa Salah, a gaya wa samarin nan gaskiya. Ya ji ciwo ranar 26 ga Mayu 2018 a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai da Real Madrid, ya dawo 19 ga Yuni a wasan Masar da Rasha, haka ne. Amma hukumar ƙwallon Masar targaɗen jijiyoyin kafaɗa ta sanar. Ba ciwon ɗanka ba ne, kuma ba karo na uku ba ne.

Direban Madina:
Ni dai ina ganin kada a tsorata Alhaji da yawa. Tawa ta goce ina da shekara 36, a ƙwallon da muke bugawa daren Alhamis a istiraha, wato gidan shaƙatawa. Ba a yi mini aiki ba. Rataya mako biyu, sannan wata uku ina jan robar nan da ake ɗaurawa a hannun ƙofa, safe da yamma. Shekara biyar kenan lafiya lau. Ba kowace kafaɗa ce ke buƙatar wuƙa ba.

Mai Gashin Ƙashi, Jidda:
Gaskiya ne Malam, kuma ka yi ƙoƙari da ka riƙe robar wata uku, mutane da yawa a mako na uku suke jefar da ita. Amma kai sau ɗaya ta fita, kana da shekara 36. Yaron nan sau uku, yana da 19. Na sama da 40 kuma nasu daban ne: ba ta cika sake fita ba, amma jijiyoyin da ke ɗaga hannu sukan yage, shi ya sa dattijon da ya kasa ɗaga hannu bayan an mayar dole a sake duba shi.

'Yar Ninƙaya, Jidda:
Kawu, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni tawa wata iri ce, na faɗa ko za ta amfani wata. Ban taɓa faɗuwa ba. Ina ninƙaya kawai sai in ji kafaɗa ta zame ta koma, duka biyun, hannu ya mutu na ɗan lokaci. Ko jakar cefane mai nauyi na ɗauka sai in ji kamar hannun zai saɓule. Likitar da ta duba ni ta sa na lanƙwasa babban yatsa har ya taɓa sangalin hannu, ta sa na dafa ƙasa da tafin hannu ban lanƙwasa gwiwa ba, ta ja hannuna ƙasa sai ga wani ɗan rami ya fito a saman kafaɗar. Ta ce gaɓɓaina ne masu laushi tun haihuwa, kuma irina ba a gaggawar yi mana aiki. Wata shida na yi ina ƙarfafa naman bayan kafaɗa da na allon kafaɗa. Na koma ruwa, amma duk makon da na yi sakaci da motsa jikin sai ta tuna mini.

Gola Mai Ritaya, Hindawiyya:
Baba, ni an yi mini ƙaramin aikin da Mai Turin Keke ya ambata, ta minzar, 'yar kyamarar da ake zurawa ta ƙananan huji, aka ɗinke leɓen a jikin ƙashi da 'yan ƙusoshi masu zare. Aikin bai wahalar da ni ba, bayansa ne jarrabawa. Mako shida hannu a rataye, barci a jingine da matasai uku, wanka sai ƙanena ya taimaka, sujada da hannu ɗaya nake dafawa. Likita ya ce kada in tsaya a raga sai bayan wata shida. A wata na uku na ji garau, ga gasa ta zo, ƙungiya ba ta da gola, aka yi ta roƙona na shiga. Minti ashirin na yi. Ɗinkin ya ɓalle, aka koma gidan jiya, kuma inshorar wurin aikina ta yi ta ja mini rai kafin ta amince da na biyu. In za a yi wa ɗan naka aiki, ku fara zaunar da kocinsa da abokansa. Su ne za su riƙa zuwa ƙofar gida da safar gola a hannu.

Baban Gola, Makka:
Na gode 'yan uwa, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyata labarin Ɗan Mai Wurno, ta yi shiru, sannan ta ce a bi ta asibitin. Jiya muka karɓo ranin. Leɓen ya ɓamɓare kamar yadda Malam mai gashin ƙashi ya faɗa, akwai loɓawar a bayan ƙashin ma. Likita ya ce sai ya ga siti ranar Lahadi kafin ya yanke ko ɗinki zai wadatar. Yaron ya yi kuka da ya ji gasar azumin bana ba da shi ba, na bar shi ya yi kukansa. Gola Mai Ritaya, ɗana, in ba damuwa ina so ka zo gida bayan Isha'i ranar Juma'a, zan kira kocin da abokan nasa, su ji daga bakinka.